Wuƙar Aljihu da Wuƙar Ado: Jagorar Saye, Wasawa da Ajiya ga Mazaunin Legas

Wuƙar da za ta shekara goma a Kano ba ta sauya kama ba, damina ɗaya ta ishe ta ta yi jawur a Legas. Iskar garin nan ɗauke take da laima da gishirin teku, ga 'yan sanda a kan hanya, ga mu Hausawa da ake yi wa kallon masu yawo da wuƙa tun kafin a laluba aljihunmu. Don haka shawarar da za ka ji daga wani Ba'amurke mai gwada wuƙaƙe a YouTube ba duka ce za ta yi maka aiki a Agege ko Idi-Araba ba.

Mataki na farko: san abin da za ka yi da ita

Masu neman wuƙa kashi uku ne. Akwai mai son ta aiki, ya yanke igiya, ya farke kwali, ya fere lemo. Akwai mai sha'awar tarawa, wanda tarihin wuƙar da kyan ƙirarta ne ke jan sa. Sai kuma mai cewa yana so ne don kare kai. Matsalar tana farawa ne idan mutum ya nemi wuƙa ɗaya ta yi masa ukun. Sai ka ga ya sayo zungureriyar wuƙar soja, ba ta fere albasa da kyau, ba ta shiga aljihu, kuma ranar da aka kama shi da ita ba shi da bakin magana. Ta aiki daban, ta ado daban. Ta ukun kuwa, ni a ganina babu ita, kuma zan zo kan dalilin.

Mataki na biyu: zaɓen ta aljihu

Fara da tsawo. Ruwan wuƙar da bai wuce santimita 7 zuwa 9 ba ya ishi duk wani aikin yau da kullum. Ta kasance mai naɗewa, mai baki ɗaya, ba mai zabura da an danna maɓalli ba. Kamanninta ma abin dubawa ne: ƙotar katako ko jar roba tana nuna kayan aiki, baƙa ƙirin mai zanen ƙoƙon kan mutum kuwa ita za ta fara ba da shaida a kanka a ofishin 'yan sanda.

Sai ƙarfe. Iri biyu ne a taƙaice. Akwai mai yawan kabon, irin wanda ake rubuta wa 1095, wanda yake saurin ɗaukar kaifi kuma yake da daɗin wasawa, amma yana tsatsa ko da gumin hannu ne. Akwai kuma marar tsatsa, wanda aka zuba wa sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. A nan za ka ga lambobi irin su 420HC, 8Cr13MoV, 12C27 da 14C28N. Idan a Legas kake zaune, musamman wajen Apapa, Ajah, Badagry ko duk inda iskar ruwa ke kaɗawa, ɗauki marar tsatsa ka huta. Ƙarfen D2 da 'yan kasuwar intanet ke yawan kurantawa yana riƙe kaifi sosai, sai dai tsaka-tsaki ne, yana yin ɗigo-ɗigon tsatsa idan aka bar shi da danshi, kuma yana wahalar da mai koyon wasawa.

Cikin sanannun, wadda na fi yarda da ita ga ɗan birni ita ce Victorinox, wadda Karl Elsener ya kafa masana'antarta a Ibach ta ƙasar Suwizalan a 1884. Tana da ɗan almakashi, da abin kwance noti, da mabuɗin gwangwani, kuma ba wanda zai gan ta ya tsorata. Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890, ita ce gwanar yanka: lamba 8 tana da ruwa santimita 8.5, siriri, ga zoben da ake murɗawa ya kulle ta, wanda aka ƙara mata a 1955. Aibinta a nan shi ne ƙotar katako tana shan laima ta kumbura, a watan Yuni sai ka yi da gaske kafin ta buɗu. Maganin shi ne a bar ta ta bushe sarai, sannan a shafe wajen mahaɗin da man kaɗanya ko bazilin. Okapi kuwa tsofaffinmu sun san ta. A Solingen ta Jamus aka fara yin ta a 1902 domin kasuwar Afirka, aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Tana da arha, tana da juriya, amma ƙarfenta na son mai. Buck 110 ta 1964 kyakkyawa ce, sai dai nauyinta zai ja maka aljihun kaftani ƙasa, ta fi dacewa da ɗamara.

Mahauci, mai tsire, mai kaji da mai sayar da rake ba wannan lissafin suke bi ba. Su barho da wuƙar fiɗa ta maƙeran gida sun fi musu, irin wadda ake bugawa da sifirin ɗin mota. Ƙarfe ne mai kyau, kuma da shi maƙeran Nefal ma suke yin tasu.

Mataki na uku: duba ta kafin ka biya

Ko a Idumota ne, ko wajen masu kayan gargajiya a kasuwar Jakande ta Lekki, ko ɗan aike ne ya kawo maka daga intanet, kada kuɗi su bar hannunka sai ka yi wannan binciken.

Buɗe ta gaba ɗaya, ka riƙe ƙotar da hannu ɗaya, ka kama bayan ruwan da ɗaya hannun, ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. In ka ji tana ƙwas-ƙwas, ajiye. Sannan ka kawar da yatsunka daga hanyar da ruwan ke bi in zai rufe, ka danna bayansa a gefen benci a hankali. Makullin da ya saki a nan, wata rana a kan yatsanka zai saki. Rufe ta ka leƙa: ruwan ya zauna a tsakiya ko yana gogar gefe? Tsinin ya shige ciki ko ya leƙo inda zai yage aljihu?

Idan marar naɗewa ce, tambayi yadda ƙarfen ya shiga ƙota. Mafi ƙarfi ita ce wadda ƙarfen ya ratsa har ƙarshe, kana ganin sa tsakanin katakai biyu da ƙusoshi suka haɗe. Ta bogi sau da yawa ɗan siririn rodi ne aka yi wa walda a ciki, kuma a nan take karyewa.

Ɗaga ta saitin ido kamar mai duba miƙewar katako, ka ga ko ta karkace. Juya bakin sama a ƙarƙashin haske: baki mai kaifi ba ya ƙyalli, duk inda ka ga ɗan farin layi yana walƙiya, wajen a dakushe yake. Dakushewa ba aibi ba ce, ana wasawa. Tsaga da karkata su ne ba su da magani.

Game da jabu, garin Yangjiang na Sin da Wazirabad ta Pakistan suna fitar da wuƙaƙe masu ɗimbin yawa, cikinsu akwai nagari da sunan masu su, akwai kuma waɗanda aka buga wa tambarin wasu. In an ce maka ga Ka-Bar, wuƙar sojan Amurka, ta asali a kuɗin da bai kai na buhun siminti ba, ka san araha ba ta ado. Mai zanen ruwa-ruwa da ake kira Damaskas ma haka: ta gaskiya ana ganin layukan ƙarfen sun ratsa har gadon bayanta, ta ƙarya kuwa zanen a fuska kawai ya tsaya. Kana iya ce wa mai kayan, “Alhaji, a ba ni in ga bayanta a rana.” Mai kayan kirki zai miƙo maka ba musu.

Mataki na huɗu: wasawa

A nan mafi yawan mutane ke kashe wuƙarsu. Masu injin wasa wuƙa da ke zagaya unguwa suna da amfani ga adda da wuƙar kicin ta yau da kullum, amma kada ka ba su wadda kake ji da ita. Dutsen inji yana cin ƙarfe da yawa, kuma in bakin ya yi zafi har ya sauya launi zuwa shuɗi, taurinsa ya tafi ke nan, ba zai sake riƙe kaifi ba sai an cinye wajen.

Nemi dutsen wasawa mai fuska biyu, mai kaushi lamba 400 da mai laushi lamba 1000. In na ruwa ne, jiƙa shi har kumfar iska ta daina fita. Ɗora shi kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. In babu dutse, samfefar masu fentin mota mai waɗannan lambobin, a shimfiɗa ta kan gilashi ko tayil, tana yin aikin.

Kusurwar da ake so ga wuƙar aljihu wajen digiri 20 ce a kowane gefe. Ga yadda za ka same ta ba da ma'auni ba: tsayar da wuƙar cak a kan dutsen, kwantar da ita rabi, sannan ka sake kwantar da ita rabin wannan. Ka zo kusa ke nan. Dabarar da ta fi taimakon mai koyo ita ce ya shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a bakin wuƙar, ya goga sau biyu ko uku, ya duba. In tawadar ta goge daga can sama ta bar bakin, ɗaga bayan wuƙar kaɗan. In bakin kawai ta goge siriri, kwantar da ita kaɗan. In ta goge duka, hannunka ya zauna daidai.

Goga daga gindi zuwa tsini, kamar kana son yanko siririn yanki daga dutsen, ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Ci gaba a gefe ɗaya har sai ka ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya lanƙwaso ɗaya gefen. Ana jin sa ne ta hanyar shafo yatsa daga bayan wuƙar zuwa baki, a gicciye, ba a bin tsawon kaifin. Sai ya bayyana tun daga gindi har tsini kafin ka juya. Wanda ya yi gaggawar juyawa zai wuni yana goga bai samu kaifi ba. Yi wa ɗaya gefen haka, koma dutse mai laushi, kana rage nauyin hannu kana sauya gefe bayan kowace guga.

Ƙarshe sai fata. Tsohuwar ɗamarar fata ta isa. A nan baya-baya ake ja, bayan wuƙar ne ke gaba, yadda wanzami ke yi wa askarsa. In ka taɓa tsayawa a mayankar Oko-Oba da asuba, ka ga mahauci yana fiɗa, za ka lura ba ya jira wuƙar ta mutu. Yana yanka kaɗan sai ya zaro ɗan ƙarfen gogawa, ƙyas-ƙyas sau uku ko huɗu, ya ci gaba, idonsa ma ba ya kan wuƙar. Bakin da ya kwanta yake tayarwa, ba ƙarfe yake ci ba, shi ya sa wuƙarsa ke daɗewa. Gwajin kaifi kuwa takardar jarida ce ko tumatir. Bar yatsa da gashin hannu.

Mataki na biyar: yaƙi da tsatsa

Bayan kowane aiki, wanke, goge, busar, musamman in ta taɓa lemon tsami, tumatir, jini ko gishiri. Wadda ke taɓa abinci a shafa mata farin man farafin da ake sayarwa a kemis. Wadda ba ta taɓa abinci, man keken ɗinki ya wadatar, ɗigo ɗaya a mahaɗi, ɗan shafe a ruwan. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo da wari. Man feshi na WD-40 yana korar ruwa, amma ba ya daɗewa yana tsaro.

Babban kuskure shi ne ajiye wuƙa wata da watanni a cikin kuben fata. Fata tana riƙe laima, kuma sinadaran jima suna cin ƙarfe, tagulla ma sai ta yi kore. Kube na fita ne. A gida a raba su, a naɗe wuƙar a tsumma mai ɗan mai, a sa a akwati mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Daga Mayu zuwa Oktoba a riƙa buɗewa duk wata ana dubawa. Akwatin ya kasance da kwaɗo, mabuɗin kuma ba inda yara suka sani ba.

Mataki na shida: in tarawa kake so

Nan ne daɗin yake, kuma nan kuɗi ke zurarewa. Shawarata ka zaɓi layi guda ka bi, maimakon kwashe duk abin da ya yi ƙyalli.

Masu bin layin soja yawanci da biyu suke farawa. Ka-Bar, wadda sojojin kundumbalar ruwa na Amurka suka karɓa a 1942, ruwanta inci 7 na ƙarfen 1095, ƙotarta zobban fata ne da aka jera aka matse. Wannan ƙotar tana yin fumfuna a Legas in ba a kula ba. Ta biyun ita ce Fairbairn-Sykes, wadda William Fairbairn da Eric Sykes, tsofaffin 'yan sandan Shanghai, suka tsara, kamfanin Wilkinson Sword ya fara ƙera ta a 1941 domin kwamandojin Birtaniya. Siririya ce mai baki biyu, ba ta da wani amfani a kicin ko gona, wurinta bango ko akwatin gilashi. Sai kukri ta sojojin Gurka na Nefal, mai lanƙwasa gaba, wadda a ƙauyukansu ita ce addar saran itace, tana zuwa da 'yan ƙanana biyu a kubenta, ɗaya ta yanka ɗaya ta gyaran baki. Akwai karambit ta Indunusiya mai siffar farce, wadda wasannin kwamfuta suka sa samari ke rububinta. A hannun wanda bai koya ba, mai ita take fara yanka. Alhazai kuma sun san janbiya ta Yaman da hanjar ɗin Oman, wanda har a tutar ƙasar yake. In an ce maka ƙotar ta ƙahon karkanda ce ko hauren giwa, janye hannunka: yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma kwastan ba sa wasa da wannan.

Amma in ni za a tambaya, layin gida ya fi. Takobin Hausa da Buzaye, miƙaƙƙe mai baki biyu, tsawonsa kusan mita guda, sau da yawa da kwarmi uku a tsakiyar ruwan da tambarin jinjirin wata biyu. Da yawa daga tsofaffin, ruwan nasu daga Turai ya ƙetaro Sahara, maƙeranmu suka yi ƙota, dukawa suka yi kube. Ga wuƙar damtse mai madaukin fata, ga aikin tagullar Bida, ga jan fata da koren fata na Agadas. Waɗannan suna ƙarewa a hannun 'yan yawon buɗe ido alhali jikokin masu su ba su san darajarsu ba. In za ka Arewa da Sallah, shiga kasuwar Kurmi, ka zauna da dattijan maƙera, ka ce, “Baba, wannan aikin wane gari ne?” Abin da za ka ji a zama ɗaya ya fi na wata guda a intanet. A nan Legas kuma gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, wuri ne na koyon yadda tsohon ƙarfe da tsohuwar tagulla suke kama, don kada a sayar maka da sabon da aka binne a ƙasa ya yi tsufan ƙarya.

Tsohuwar wuƙa ba a kankare ta da samfefa don ta yi ƙyalli. Duhun da shekaru suka sa mata shi ne rabin kuɗinta. Jar tsatsa mai ci kawai ake cirewa, da mai da tsumma. Rubuta inda ka saya, da shekarar, da abin da mai ita ya faɗa, ka ajiye rasit. Fitar da kayan tarihi daga Najeriya kuma sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Mataki na bakwai: fita da ita

Sashe na 80 na kundin dokokin laifuka na Criminal Code ya tanadi ɗaurin shekara 2 ga wanda ya fita bainar jama'a da makami ba da halastaccen dalili ba ta yadda zai firgita mutane. Legas tana da nata kundin na 2011 da aka gina a kan wancan. Dokar zaman lafiyar jama'a ta 1979 ta hana zuwa taro ko jerin gwano da makami, sannan a 2021 jihar ta kafa dokar yaƙi da ƙungiyoyin asiri mai ɗaurin shekara 21, abin da ya sa ɗan sanda ke yi wa saurayi mai ɗauke da wuƙa ko gatari wani irin kallo.

Abin da zai fitar da kai shi ne dalili. Mai sana'a ya naɗe kayan aikinsa a ƙasan jaka, ba a ƙugu ba, ya riƙe katin ƙungiyarsa. In an tsayar da kai, kada ka kai hannu aljihu. Faɗa da bakinka tukuna: “Yallaɓai, akwai wuƙar aiki a jakata, ni mahauci ne, ga katina.” Kada ka ce ta kare kai ce, domin ka amsa da kanka cewa makami ka ɗauko. Gidan kallon ƙwallo, gangamin siyasa, banki, kotu, a bar ta a gida. A filin jirgin Murtala Muhammed, cikin jakar da za a auna take shiga, ba ta hannu ba.

Maganar kare kai

Tsarin mulkin 1999 a sashe na 33 da kuma dokar laifuka sun yarda mutum ya kare kansa, amma da ƙarfin da ya yi daidai da barazanar. Wanda aka mara ya soki mutum, kisa ko yunƙurin kisa za a tuhume shi da shi, kuma zai iya shafe shekaru a Kirikiri ko Ikoyi yana jiran shari'a kafin alƙali ya saurari uzurinsa. Ban da wannan, wuƙa ba ta tsayar da mai kawo hari nan take, kuma tana mayar da cacar bakin tasha ta zama gawa. A garin da rigimar mutum biyu kan rikiɗe ta zama ta ƙabila, kamar yadda aka gani a Mile 12 a watan Maris na 2016 har aka rufe kasuwar, wuƙar mutum ɗaya kan ja wa dubban 'yan uwansa asara.

Idan wani ne ya zaro maka, tazara ce abin nema. Wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21, wato mita 6 da 'yan kai, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Saboda haka kada ka tsaya ciniki. Waya ce, miƙa. Sa mota, benci ko teburin mai shayi tsakaninku, ɗaga murya, sannan ƙafa me na ci ban ba ki ba. Masu cewa sun sha maganin ƙarfe, a bar su da wasan tauri a dandali, kada ka gwada a jikinka ko na wani. Fitila mai ƙarfi, usur, da sanin hanyar da ba a bi bayan Isha sun fi wuƙa tsare mutum.

In an samu rauni, danna wajen da tsumma mai tsabta da dukkan ƙarfinka, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In ya jiƙe ƙara wani a kai. Wuƙar da ta maƙale a jiki ba a zare ta, a tallafe ta da tsumma ta kowane gefe. Kada a zuba ƙasa, toka ko man birki. Kira 112 ko 767, ko a nufi asibiti mafi kusa, manyan raunuka kuma asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ko na LUTH a Idi-Araba. Ko ƙaramin yanka ne daga wuƙarka ta gida, wanke shi da ruwa mai gudu da sabulu, in kuma ka daɗe rabonka da allurar tetanus, je a yi maka a ranar.